Kafin ka yi wa kwamfutarka fomat: Abin da saƙon ɓatan laburare yake nufi

Akwai wani ɗan gajeren saƙo da yake janyo wa jama'a asarar takardu da hotuna da kundayen bincike, alhali kuwa shi kansa saƙon ba ya ɗauke da wani mugun labari. Mutum ya sauko da manhaja daga intanet, ko ya karɓo ta a filash daga hannun aboki, ya girka ta a kwamfutarsa, ya danna domin ta buɗe, sai wata 'yar taga ta fito da Turanci tana cewa ba za a iya ci gaba ba domin ba a sami "MSVCP140.dll" ba. Mai amfani da Linux kuwa abin da zai gani shi ne layin da ya fara da "error while loading shared libraries", sannan sunan wani fayil ya biyo baya. Daga nan sai hankali ya tashi. Wasu su garzaya shagon gyara, inda sau da yawa hukuncin farko shi ne a yi wa na'urar fomat, wato a share komai a sake zuba babbar manhaja. Wasu kuma su rubuta sunan fayil ɗin a Google, su sauko da shi daga shafin da ya fara fitowa, su jefa shi cikin kwamfuta. Na farkon shi ne garin neman gira a rasa ido. Na biyun kuwa daidai yake da buɗe wa baƙon da ba a san asalinsa ba ƙofar ɗaki da tsakar dare.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, wannan saƙo bayani ne cikakke. Manhajar ta nemi wani kayan aiki da ta saba arowa, ba ta same shi ba, ta kuma ambaci sunansa. Sunan nan yana nuna wanda ya ƙera kayan, kuma daga wurin maƙerinsa kaɗai ya kamata a ɗauko shi. Wanda ya fahimci haka zai iya warware mafi yawan irin wannan matsala cikin 'yan mintoci, ba tare da ya rasa ko shafi ɗaya na aikinsa ba.

Mene ne laburare a harshen kwamfuta?

Tela ba ya saƙa yadin da zai ɗinka, ba ya kaɗa zare, ba ya ƙera allura. Gwanintarsa tana wajen yanka da haɗi, sauran kayan kuwa wasu ne suka yi su. Haka mai rubuta manhaja yake. Idan yana son manhajarsa ta buɗe hoto, ko ta ɓoye sirrin saƙo, ko ta zana taga a fuskar kwamfuta, ba ya zama ya ƙirƙiro hanyar yin hakan daga tushe. Akwai waɗanda suka riga suka rubuta waɗannan umarnoni, suka gwada su, suka tattara su a cikin fayiloli na musamman. Irin wannan fayil shi ake kira laburare.

Sunan ya samo asali tun farkon zamanin kwamfuta. A shekarar 1949 ne kwamfutar EDSAC ta fara aiki a Jami'ar Kembrij da ke Ingila. Masanan da suka gina ta sun lura cewa akwai lissafin da kusan kowane aiki yake buƙata, don haka suka riƙa adana umarnoninsa a kan zirin takarda mai huda-huda, suna jera su a kabad. Duk mai buƙata sai ya zo ya ara ya kwafa, kamar yadda ake aron littafi. A 1951 uku daga cikinsu, Maurice Wilkes da David Wheeler da Stanley Gill, suka wallafa littafin da ya bayyana wannan tsari, kuma daga nan ya bazu.

A yau hanya biyu ce ake haɗa manhaja da laburarenta. Ko dai a cusa shi cikin jikinta tun wajen ƙira, ta zama kamar matafiyin da ya ɗauko guzurinsa, ko kuma a bar shi a waje, sai lokacin da aka buɗe manhajar sannan kwamfuta ta nemo mata shi. Hanya ta biyun ta fi yawa. A Windows irin waɗannan fayiloli suna ƙarewa da ".dll", a Linux da ".so", a kwamfutocin Apple kuwa da ".dylib". Amfanin tsarin a fili yake: manhajoji hamsin suna iya sha daga rijiya ɗaya, don haka ana samun sauƙin wurin ajiya da na ƙwaƙwalwar na'ura. Sannan idan aka gano aibu a laburaren, gyara ɗaya ya wadatar da kowa. An ga haka a watan Afrilun 2014, lokacin da aka bankaɗo ɓarakar nan da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, laburaren da ɗimbin shafukan intanet suke dogara da shi wajen ɓoye sirri. Inda manhajoji suke aron laburaren daga waje, sabunta shi da sake tayar da su ya isa. Inda kuwa aka cusa shi a jiki, sai da aka jira kowane maƙeri ya fitar da sabon zubin manhajarsa.

Amma kowane sauƙi yana da kuɗinsa. Rijiyar da kowa yake sha daga gare ta, ranar da ta ƙafe ko aka canja mata wuri, unguwa ce gaba ɗaya za ta shiga ƙishirwa.

Yadda laburare yake ɓata

Idan ka sauko da manhaja daga Play Store a wayarka, ba ka taɓa ganin irin wannan saƙo, domin an riga an haɗa mata duk abin da take buƙata. A Linux ma akwai wata manhaja da zan kira ma'aji, wadda aikinta shi ne riƙe lissafin abin da kowace manhaja take dogara da shi. Ka ce mata kana son abu kaza, sai ta duba rumbunta, ta sauko da shi tare da duk fayilolin laburaren da yake nema, ta ajiye kowanne a mazauninsa. Tsarin Debian, wanda Ian Murdock ya assasa a 1993, yana da ma'ajin da ake kira APT, kuma shi Ubuntu ta gada tun fitowarta a watan Oktoban 2004. Kamfanin Microsoft ma ya fito da nasa mai suna winget a 2020.

Wanda ya zaɓi girka manhaja da hannunsa ya sallami ma'aji ke nan, ya ɗauki aikinsa ya ɗora wa kansa. Ba laifi ba ne yin haka, wani lokaci ma dole ce take sa shi: manhajar ba ta cikin rumbu, ko datar mutum ba za ta ɗauki saukewa ba sai dai ya karɓa a filash. Sai dai ya kamata ya san nauyin da ya ɗauka, ya kuma san hanyoyin da matsala take shigowa.

Hanya ta farko, wadda ta yi yawa a tsakanin ɗalibanmu, ita ce kwafar folda. Mutum ya shiga "Program Files" a kwamfutar abokinsa, ya kwashe foldar manhaja zuwa filash, ya sauke a tasa, yana zaton ya gama. Ai kuwa fayil ɗin girkawa na asali ba kwafa kaɗai yake yi ba. Yana ajiye wasu fayiloli a wurare dabam-dabam na babbar manhaja, yana kuma yin rajistarsu. Mai kwafar folda ya ɗauko keken ɗinki ne ya baro zare da allura a gidan mai shi.

Hanya ta biyu ita ce saɓanin zubi, wato laburaren yana nan amma ya tsufa ko ya yi sabunta da yawa. Ta uku ita ce saɓanin gini: akwai manhajoji masu bit 32, akwai masu bit 64, kuma mai bit 64 ba ta iya amfani da laburaren mai bit 32, haka nan akasin haka. Ta huɗu ita ce saukewar da ta yanke a tsakiya saboda raunin sabis ko ɗaukewar wuta, fayil ya iso a gurgunce. Ta biyar kuwa ita ce manhajar riga-kafi ta kama wani fayil ta killace shi domin ta ga alamar cuta a jikinsa. Wannan ya fi faruwa da manhajojin da aka fasa makullinsu domin a yi amfani da su ba tare da biya ba. A nan sai a yi hattara da shawarar nan ta "kashe riga-kafin ka sake girkawa", domin mai gadi ne ya kama wani yana haura katanga, ake ce maka ka sallami mai gadin.

Gyara a Windows: sunan fayil shi ne adireshinsa

Matakin farko shi ne a karanta saƙon a natse, a rubuta sunan fayil ɗin harafi bayan harafi, ko a ɗauki hotonsa da waya. Mafi yawan sunayen da suke fitowa 'yan gida ƙalilan ne.

Duk sunan da ya fara da MSVCP ko MSVCR ko VCRUNTIME na gidan Microsoft Visual C++ ne, kuma lambar da ke jikinsa tana nuna shekarar zubinsa. Lamba 100 ta zubin 2010 ce, 110 ta 2012, 120 ta 2013, sannan 140 ta zubin 2015 da waɗanda suka biyo bayansa na 2017 da 2019 da 2022, waɗanda aka haɗe a ƙunshi guda. Maganin shi ne a shiga shafin Microsoft na ainihi a nemi "Visual C++ Redistributable" na shekarar da ta dace. Kyauta ne, kuma ba shi da nauyi. Cikin sunayen da na baya-bayan nan yake zuwa da su akwai waɗannan biyu: "vc_redist.x64.exe" na masu bit 64 da "vc_redist.x86.exe" na masu bit 32. Wanda kwamfutarsa mai bit 64 ce zai fi masa sauƙi ya girka duka biyun, domin abin lura shi ne ginin manhajar da ta yi ƙorafi, kuma manhajoji masu bit 32 da yawa suna aiki a kan Windows mai bit 64. Ya kamata kuma a sani cewa sabon zubi ba ya maye gurbin tsoho: manhajar da take neman lamba 100 ba za ta gamsu da 140 ba. Shi ya sa idan ka duba jerin abubuwan da aka girka a kwamfutarka za ka tarar da Visual C++ sun yi layi da shekaru iri-iri. Wasu suna ɗaukar su tarkace su goge domin samun wuri, washegari manhajoji su fara ƙin buɗewa.

Sunaye irin "d3dx9_43.dll" da "xinput1_3.dll" na gidan DirectX ne, waɗanda wasanni da tsofaffin manhajojin zane suke nema. Ƙunshin "DirectX End-User Runtime" na watan Yunin 2010 shi yake ɗauke da su, shi ma a shafin Microsoft. Idan kuwa manhaja ta nemi ".NET Framework 3.5", to yana cikin sassan Windows da ake kunnawa daga wurin da aka rubuta "Turn Windows features on or off". Saƙon da yake zuwa da lambar 0xc000007b kuma galibi alama ce ta an cakuɗa laburaren bit 32 da manhajar bit 64, kuma sau da yawa sakamakon jefa fayil da hannu ne. Akwai wani tarko a nan da ya kamata a sani: a Windows mai bit 64, foldar da ake kira System32 ta fayilolin bit 64 ce, ita kuwa SysWOW64 ta masu bit 32 ce. Sunayen suna nuna akasin abin da ke ciki, kuma wanda bai san haka ba zai ajiye kaya a ɗakin da ba nasa ba.

Idan fayil ɗin da ya ɓata na jikin Windows ne kanta, sai a buɗe tagar umarni da ikon mai gida, wato a matsayin "administrator", a rubuta "sfc /scannow". Wannan umarni yana bincika fayilolin babbar manhaja ya mayar da waɗanda suka lalace. Idan kuwa sunan ba na ɗaya daga cikin gidajen nan ba ne, to mai yiwuwa na manhajar ce da kanta, kuma maganinsa shi ne a cire ta, a sake sauko da fayil ɗin girkawa daga shafin maƙerinta, a girka daga farko.

Akwai kuma inda saƙon yake nuna wata cuta dabam. Wanda ya yi ƙoƙarin amfani da Python zubi na 3.9 ko sama da haka a kan Windows 7 zai iya ganin an ce ba a sami "api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll" ba. Babu wani ƙunshi na hukuma da zai kawo wannan fayil, domin Windows 7 ba ta taɓa mallakarsa ba, kuma zubi na 3.8 shi ne na ƙarshe da aka yi dominta. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun ranar 14 ga Janairun 2020, sannan 14 ga Oktoban 2025 ita ce ranar da ya yanka wa Windows 10. Ganin yawan kwamfutocin gwanjo da ke hannun jama'a, wannan matsala za ta ci gaba da ƙaruwa. Zaɓin mai irin wannan na'ura shi ne ya nemi tsohon zubin manhajar da ya dace da ita, ko ya sabunta babbar manhajarsa bayan ya kwashe kayansa, ko ya koma Linux.

Tsintacciyar mage

Intanet cike take da shafukan da suke tallar fayilolin DLL ɗai-ɗai. Dalilin guje musu yana cikin yadda laburare yake aiki. Da zarar manhaja ta ɗauko shi, ya zama wani sashe na jikinta, yana da duk ikon da take da shi. Idan tana iya karanta takardunka, shi ma zai iya. Idan tana ganin abin da kake rubutawa, har da lambar sirrin bankinka, shi ma yana gani. Ba ya buɗe wata taga da za ka gan shi, ba ya neman izini na dabam.

Masu kai hari sun daɗe da sanin haka. Muguwar manhajar nan Stuxnet, wadda aka gano a 2010 bayan ta yi ɓarna a cibiyar tace yuraniyom ta Natanz a ƙasar Iran, da irin wannan dabara ta yi aiki. Ta canja wa wani laburare na manhajar Step 7 ta kamfanin Siemens suna, ta ajiye nata na jabu mai suna "s7otbxdx.dll" a gurbinsa. Daga nan duk saƙon da yake wucewa tsakanin kwamfuta da na'urorin da ke sarrafa injuna sai ya bi ta hannun na jabun, yana sauya abin da ya ga dama yana ɓoye sawunsa. Idan fayil guda ya iya yaudarar injiniyoyin irin wannan cibiya, ina ga kwamfutar ɗalibi ko ta ɗan kasuwa? Ko da an yi sa'a fayil ɗin da aka tsinto ba ya ɗauke da cuta, ba lallai zubinsa ya dace ba, kuma shi ma yana da 'yan'uwan da yake dogara da su. Sai a toshe rami ɗaya wani ya buɗe, yau a nemo wannan gobe a nemo wancan, har kwamfutar ta rikice. Hausawa sun riga sun yanke hukunci: tsintacciyar mage ba ta mage.

Gyara a Linux

Mai amfani da Linux ya fi samun kayan bincike a hannu. Umarnin "ldd", idan aka bi shi da sunan manhajar, yana jero duk fayilolin laburaren da take nema da inda aka samu kowanne, wanda ba a samu ba kuwa a rubuta "not found" a gabansa. Da haka za ka ga matsalar gaba ɗaya a lokaci guda. Daga nan sai neman ƙunshin da ke ɗauke da fayil ɗin. A Ubuntu da Debian "apt-file search" ne yake yin wannan aiki, a Fedora kuwa "dnf provides". Idan ka san sunan ƙunshin sai ka bar ma'aji ya girka shi.

Wanda ya sauko da fayil mai ƙarewa da ".deb" ya sani cewa umarnin "dpkg -i" yana girka abin da aka ba shi ne kawai, ba ya nemo abokan tafiyarsa. Amma idan aka rubuta "sudo apt install ./" haɗe da sunan fayil ɗin, ma'aji zai nemo su da kansa. Idan an riga an yi na farkon abu ya tsaya a rabi, "sudo apt --fix-broken install" yana ƙarasa aikin. Wanda kuma yake gina manhaja daga ainihin rubutunta ta hanyar "./configure" da "make" zai iya ganin an ce babu wani laburare alhali ya tabbata yana nan. Dalili shi ne, gini yana buƙatar ƙunshin da sunansa ya ƙare da "-dev", wanda ya bambanta da na amfanin yau da kullum. Bayan an gama gini, idan laburaren ya sauka a "/usr/local/lib", sai a rubuta "sudo ldconfig" domin kwamfuta ta sabunta jerin wuraren da take dubawa.

Lambar da ke ƙarshen sunan fayil tana da ma'ana. Ubuntu 22.04 ta zo da OpenSSL zubi na 3, don haka tsofaffin manhajoji suka riƙa kukan rashin "libssl.so.1.1". Wata dabara da ake yaɗawa ita ce a ƙirƙiri mahaɗi mai tsohon suna da zai nuna sabon fayil, domin manhajar ta zaci ta samu abin da take nema. Ai masu ƙira ba su canja lambar don ado ba, sun canja ta ne domin yadda ake magana da laburaren ya sauya. Manhajar da aka yaudara haka tana iya ƙin tashi, ko ta faɗi a tsakiyar aiki. Janyo tsohon zubin ma yana da nasa haɗarin, tunda an daina yi wa OpenSSL 1.1.1 gyaran tsaro na kyauta tun watan Satumban 2023. Abin da ya fi shi ne a nemi sabon zubin manhajar, ko a ɗauko ta a siffar Flatpak ko Snap, waɗanda suke zuwa da guzurinsu, kodayake sun fi cin data da wurin ajiya.

Gargaɗi mafi girma shi ne game da glibc, laburaren da kusan komai a Linux yake tsaye a kansa. Idan saƙo ya ce ba a sami "GLIBC_2.34" ba, ma'anarsa an gina manhajar ne domin tsarin da ya fi naka sabunta. Ubuntu 20.04 tana da zubi na 2.31, ita kuwa 22.04 tana da 2.35. Wanda ya yi yunƙurin musanya wannan fayil da hannu yana iya wayar gari kwamfutarsa ta ƙi tashi ɗungurungum, domin ginshiƙin ɗaki ya zare yana zaune a ciki.

Masu bincike da nazarin alƙaluma

Ɗalibai da malaman da suke aiki da Python ko R suna haɗuwa da wannan matsala cikin wata riga. Python takan ce "No module named pandas", R kuma ta ce babu ƙunshi mai suna kaza. Abin da yake ɗaure wa mutane kai shi ne su girka ƙunshin amma saƙon ya ƙi tafiya. Galibi dalilin shi ne akwai Python fiye da ɗaya a kwamfutar, an girka wa wannan, ana aiki da wancan. Rubuta "python -m pip install" kafin sunan ƙunshin yana tabbatar da cewa wadda aka kira ita ce ta karɓa. Ware wa kowane aiki nasa keɓaɓɓen muhalli da "venv" yana hana zubin wannan aiki ya ɓata na wancan. A R kuma, a kan Ubuntu, ƙunshin xml2 ba ya girkuwa daga rubutunsa sai an fara sanya "libxml2-dev", kuma saƙon da yake fitowa yana faɗin haka ɓaro-ɓaro ga wanda ya tsaya ya karanta. A kula da rubuta suna daidai, domin an sha kama miyagun ƙunsoshi da aka ɗora a rumbunan jama'a da sunayen da harafi ɗaya ne ya raba su da na gaskiya.

Riga-kafi, da nauyin da ke kanmu

Kafin a girka kowace manhaja da hannu, a tabbata daga shafin maƙerinta ta fito, a karanta abin da ya ce tana buƙata, a duba ko ta dace da zubin babbar manhajar da ginin na'urar. Maƙera da yawa suna wallafa wata doguwar lamba mai alamomi 64 da ake kira SHA-256, wadda take kamar zanen yatsan fayil. A Windows umarnin "certutil -hashfile" tare da sunan fayil da kalmar SHA256 yana fitar da ita, a Linux kuwa "sha256sum". Idan ta yi daidai da wadda aka wallafa, fayil ya iso lafiya. Idan ta saɓa ko da a alama ɗaya, ko dai ya gurgunce a hanya ko an taɓa shi. Sama da duka, a ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri dabam. Kundin digirin da aka shekara ana rubutawa bai kamata a ce wurin zamansa ɗaya ba ne.

Masu gyaran kwamfuta suna da haƙƙi a wuyansu. Fomat yana da ranarsa, misali idan cuta ta yi wa na'ura katutu, amma mayar da shi maganin kowane ciwo zalunci ne ga mai kaya, balle ma sau da yawa bayan an gama sharewar saƙon nan yana dawowa, tunda sabuwar Windows ba lallai ta zo da laburaren da ake nema ba. Mai gyaran da ya ajiye filash guda ɗauke da ƙunsoshin Visual C++ da DirectX na asali zai sallami kwastoma cikin minti goma, ya kuma samu amincin da zai dawo masa da shi gobe. Idan kuma sharewar ta zama dole, kwashe kayan mutane tukuna wajibi ne, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Jami'o'i da kwalejojinmu su ma da sauran aiki a gabansu. Darasin kwamfuta na bai-ɗaya da ake yi wa ɗalibai ya fi karkata ga haddace ma'anoni da tarihin na'urori, alhali awa biyu da za a ware a koya musu girka manhaja da karanta saƙon matsala za su amfane su har bayan kammala karatu. Cibiyoyin fasahar sadarwa na makarantu suna iya ajiye ingantattun fayilolin girkawa a wuri guda da ɗalibi zai kwafa ba tare da ya ƙona datarsa ba, wanda hakan zai rage yawon filash daga hannu zuwa hannu. Sassan da suke tilasta wa ɗalibai manhajoji masu tsada ba tare da sun saya musu lasisi ba, su sani su ne suke tura su ga manhajojin da aka fasa. Ga R da jamovi da JASP da PSPP domin nazarin alƙaluma, ga QGIS domin taswira, ga LibreOffice domin rubutu, dukkansu kyauta ne kuma halal ne a kwafa a raba.

Saƙon ɓatan laburare da Turanci yake zuwa, kuma wannan yana cikin abin da yake firgita mutane. Amma abin da ake buƙata daga cikinsa kalma ɗaya ce, wato sunan fayil. Wanda ya rubuta sunan, ya binciki gidan da ya fito, ya je can ya ɗauko, ya yi abin da ƙwararren injiniya zai yi. Wanda kuma abin ya fi ƙarfinsa, ya je wurin mai gyara da hoton saƙon a wayarsa da kwafin takardunsa a aljihu, ya tambaye shi wane ƙunshi ne yake ɗauke da wannan fayil kafin ya miƙa masa na'urar. Amsar da ya bayar ita za ta nuna ko ya cancanci a bar masa ita.